Jan Farce a Kan Notin Birki

Anti Bara'atu, ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zai hana ni zama tabarma ɗaya da ƙanena ranar Salla.

Ni ɗiyar marigayi mai gyaran keke ce a Ƙofar Taramniya. Na yi digirin injiniya, kuma amfanin da ya yi mini shi ne ina gyaran keke kamar Baba, sai dai ni ina iya bayanin lalacewar da Turanci. Ƙanena, bari in kira shi Junaid, ɗan tseren keken hawan duwatsu ne. Na san za ki yi dariya, tunda a Sakkwato tudun da ya fi tsawo shi ne gadar sama. A kwazazzabai da ramukan masu haƙar tsakuwa ya koya, har wata ƙungiya ta Abuja ta ɗauke shi. Yanzu yawo suke daga wannan tsere zuwa wancan, yau Jos, gobe wata ƙasa.

Shekara huɗu ni ce bakanikensa. A tsakar gida nake aikin, tsakanin turmi da igiyar shanya. In ya ci tsere yakan gode wa Allah, da Inna, da ƙungiya, har direban motarsu ya taɓa samun godiya. Ni ban taɓa ba. Ya ce maza za su yi masa ba'a in suka ji mace ke ɗaure masa keke. Na yarda, don a lokacin na ɗauka haƙuri ne.

Ina da wata al'ada. Duk notin da na ɗaure daidai ma'auni, sai in ja masa layin jan farce daga kansa zuwa jikin ƙarfen, in ɗauki hoto. Baba da fenti yake yi, ni na ga jan farce ya fi saurin bushewa. Ƙa'idarmu da Junaid ɗaya ce: in na ja layi, ba mai sake ɗora sifana.

Wata biyu da suka wuce shugaban ƙungiyar ya ga ƙafafun keken da na haɗa, ya matsa sai da Junaid ya faɗa masa wanda ya yi. Shugaban ya kira ni, ya ce in shirya bin su a matsayin bakanike daga kakar tsere mai zuwa. Anti, har akwati na saya.

Sai tseren Jos. A gangaren dutse birkin gaba ya kwance, Junaid ya faɗi ya karye a kafaɗa. Na gode wa Allah da abin ya tsaya nan. Daga gadon asibiti ya yi bidiyo ya sa a shafinsa, ya ce yayarsa ce ta shirya keken. Ya faɗi cikakken sunana, har da na Baba. Shekara huɗu ina jiran wannan rana, ga ta ta zo. Washegari shugaban ya aiko da saƙo mai ladabi cewa an dakatar da maganar aikina.

Da aka dawo da keken na duba. Sifana ta kankare jan farcen da ke kan notin birkin guda biyu, kuma takalman birkin da ke ciki, wato sassan da ke kama ƙafar keken, ba waɗanda na sa ba ne. Na nuna wa Junaid. Da ƙyar ya amsa cewa da safen tseren ya bar babban bakaniken ƙungiyar ya canza su. Ya ce mutumin na hannun daman shugaba ne, in ya ambace shi, shi Junaid ne zai rasa gurbinsa a ƙungiyar, ni kuwa ai a gida nake, ba abin da zan rasa.

Wannan kalmar ce ta fi yi mini ciwo. Inna ta ce in rufa wa ɗan'uwana asiri, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Hotunan kafin da na bayan suna cikin wayata. In na tura, sunana ya wanku, nasa ya ɓaci. In ban tura ba, na zama matar da ta kusa kashe ƙanenta da ganganci. In tura?

Mai Jan Farce, Ƙofar Taramniya

*

Ƙanwata Mai Jan Farce,

An cuce ki, ba zan yi miki kwana-kwana ba. Bakanike ba shi da jari sai sunansa, kuma naki aka ɗauka aka toshe ɓaraka da shi. Amma ki karɓi naki kason. Shekara huɗun da kika yi shiru su suka koya wa Junaid cewa sunanki kayan ajiya ne, ya ɗauko ranar da ya ga dama.

Shi kuma ki dube shi da kyau. Mutum ne da ya fito daga ramin tsakuwa ya shiga cikin masu uwa a gindin murhu, ga kafaɗa a karye, ga tsoron a sallame shi. Tsoro ne ya yi magana, ba ƙiyayya ba. Wannan ya bayyana abin da ya yi, bai wanke shi ba.

Inna tana da gaskiya, ba a yanke hannu. Amma ana matse ƙurjin da ke kansa. Kuma wannan ya wuce asirin gida: maganar birki ce, kuma 'ya'yan wasu na gangara duwatsu a kan kekunan da wanda ya taɓa wannan birkin ke ɗaurewa.

Ga abin da za ki yi. Ki zaunar da Junaid a gaban Inna da wani babba da yake jin nauyinsa, ki baje hotunan. Ki ba shi mako ɗaya ya kira shugaban da bakinsa, sannan ya gyara maganar a shafin da ya ɓata ta. Wanda ya kai kansa ya fi wanda aka kai samun sassauci. In makon ya cika bai yi ba, ki sanar da shi, sannan ki tura wa shugaban hotunan, shi kaɗai, ba duniya ba. Ki rubuta abin da hotunan suka nuna kawai: wani hannu ya taɓa birkin bayan naki. Kada ki kama sunan kowa, ba ki ga hannun ba.

Ba na yi miki alkawarin aikin zai dawo, ko Junaid ba zai ji jiki ba. Sunanki ne kaɗai zan iya cewa zai dawo. Kafin nan, kada ki taɓa kekensa, amma ki ci gaba da kai masa farfesu. Bakanikensa ce ta ajiye aiki, ba yayarsa ba.

Allah ya ba shi lafiya da ƙarfin halin faɗin gaskiya, ke kuma ya sanyaya miki zuciya. Kada ki mayar da akwatin. Kuma keke na gaba da za ki ɗaure, in kin gama jan layukan, ki rage ɗan jan farcen ki rubuta sunanki a jikinsa.

Taki,
Anti Bara'atu