Keken da Za Mu Saya wa Baba

Kawu, don Allah ka taimake ni da shawara kafin ni da yayana mu daina gaisawa a kan keke. Na san za ka yi dariya, domin masu rubuto maka da maganar aure ko ta wurin aiki suke zuwa, ni kuwa ga ni da zancen taya da birki. Amma wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Mahaifinmu tela ne. Tun kafin a haife ni yake zaune a shago ɗaya, ɗan ɗaki mai taga guda, tef a wuya, alli a bayan kunne, ƙafa a kan keken ɗinki daga safe har yamma. Shi da kansa yake cewa duk garin nan babu wanda ya kai shi taka keke, kuma babu wanda ya kai shi rashin zuwa ko'ina. Da wannan keken ya yi mana makaranta. Ban taɓa ganin ya saya wa kansa wani abu don marmari ba. Takalminsa ma sai ya sha gyara har mai gyaran ya ce ya gaji.

Bara idonsa ya fara gardama, zare ya daina shiga allura, likita kuma ya ce sukarinsa da jininsa sun hau, lallai ya riƙa motsa jiki. Sai ya bar wa ƙanenmu shagon ya dawo gida. Kawu, ban taɓa ganin mutum ya tsufa da sauri haka ba. Sai ka same shi a kujerar ƙofar ɗaki, rediyo a cinya, bai ma kunna ba. Tafiyar da likita ya ce ya yi kuwa, da ya kai kwanar layi sai ya juyo, ya ce ai ba aikensa aka yi ba.

Akwai wani tsohon abokin cinikinsa, malamin lissafi ne da ya yi ritaya. Yana cikin wasu masu hawan keke da ke zuwa duwatsun bayan gari duk ƙarshen mako. Shi ya zo ya ja Baba da ƙarfi da yaji, ya ara masa keken ɗansa, irin mai kaurin taya ɗin nan na hawan dutse. Ranar farko Baba ya dawo wando ya yage a gwiwa, safa cike da ƙaya, yana ta dariya. Mama tana gasa masa ƙafa da ruwan zafi tana faɗa, shi kuwa yana ba ta labarin wata gangara kamar yaron da ya dawo daga yawon makaranta. Ni na zura masa zare, shi ya ɗinke wandon, mako na zagayowa ya koma.

Na taɓa bin su don in gani da idona. Na tsaya a gindin wani tudu, samari suna wucewa fuu, Baba shi ne na ƙarshe. Da ya kai tsakiya ƙarfinsa ya ƙare, sai ya sauka ya tura. Bai duba ko ana kallonsa ba. Ya tura har sama, su kuma duk sun tsaya suna jiransa, suna tafi suna kiransa Baban Tudu. Na juya baya na share ido. Yanzu wurin nan ba ya sauka, a kan sirdi yake wuce shi. Likita ya ce duk abin da yake yi ya ci gaba. Har shago ya koma leƙawa, yana yanka wa abokan hawansa 'yan jakunkunan da ake ɗaurawa a ƙarƙashin sirdi, ƙanenmu yana ɗinkawa.

To ga inda matsalar take. Malamin zai koma wani gari wurin 'ya'yansa ƙarshen watan nan, kuma ɗan yana son kekensa. Da aka faɗa wa Baba, godiya kawai ya yi, ya ce dama kayan aro ba ya rufe katara. Bai roƙi kowa komai ba. Sai ƙanenmu ne ya tsegunta mini cewa Baba ya kawo wani mutum shago ya yi wa tsohon keken ɗinkinsa kuɗi, baƙin nan mai zanen fure, wanda ya fara sana'a da shi. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Ni malamar firamare ce, yayana kuma yana aiki a shagon kayan wuta. Mun haɗa abin da za mu iya, kuma ba shi da yawa. Yaya ya samo wani keke a babban kanti, sabo fil, ja, yana ɗaukar ido, da shokazoba, abin nan mai shanye gargada, gaba da baya. Da Mama ta ji yana cewa keken yana da giya da yawa, sai ta ce a'uzubillahi, abin har ya kai can? Da ƙyar muka fahimtar da ita cewa giyar canza gudu ake nufi, ba ta sha ba. Ni kuma na ga wani a wurin mai gyaran kekuna, na hannu ne, fenti ya goge nan da can, shokazoba a gaba kaɗai. Amma da hannu ɗaya na ɗaga shi, jan kuwa sai da na sa hannu biyu. Mai gyaran ya ce na kamfanin kirki ne, sarƙa kawai yake buƙata. Kuɗinsu kusan ɗaya.

Na ce da Yaya birkin jan nan laushi gare shi, ya ce na karanta abu biyu a waya na zama injiniya. Sannan ya ce: "Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗinka wa mutane sabon kaya, shi za ki kai wa kwance?" Tun ranar gaisuwarmu ta koma ta ciki-ciki. Shi yana son mu saya a ɓoye mu ba Baba mamaki. Mama kuma ta ce daga sabon har tsohon ba ta so, a saya masa takalmin tafiya, domin ƙashin wanda ya haura sittin ba ya ɗoruwa da wuri.

Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce ni ma tsoro nake ji. In na dage aka sayi nawa, wani abu ya karye a gangara, ina zan sa kaina? In na yi shiru aka sayi na Yaya birki ya ƙi kamawa fa? In kuma muka tsaya muna ja-in-ja, Baba zai sayar da keken ɗinkinsa, ko ya koma kujerar nan. Wanne za mu saya, Kawu?

'Yar Tela

*

'Yar Tela, ban yi dariya ba. Da na gama karanta wasiƙarki sai da na miƙe na zaga ofis, don kunyar yadda na bar nawa keken yana shan ƙura. Ki gaishe mini da Baban Tudu. Dattijon da zai sauka ya tura keke a gaban samari ba tare da ya ji ya muzanta ba, ya koma kuma mako mai zuwa, ba ƙaramin mutum ba ne. Ku ma 'ya'yan kirki ne. Gidan da faɗansa shi ne wa ya fi iya kyautata wa uba, gida ne mai albarka.

Bari in fara da yayanki, domin yana da gaskiyarsa. Sabon abu yana da garanti, ba a ɓoye masa wani tsohon rauni ba, kuma son ya ga mahaifinsa a kan sabo ba girman kai ba ne, ƙauna ce. Inda ya kuskure shi ne irin sabon da ya zaɓa. Shokazoba mai kyau tsada gare ta. In kika ga keke mai araha ɗauke da guda biyu, to a wani wurin aka rage, kuma yawanci a birki ne da giya da ingancin ƙarfe. Sakamakon shi ne nauyi, ga lilo da ke shanye ƙarfin mai hawa a kan tudu. Araha ba ta ado. Ga mai ƙaramin aljihu, keke mai shokazoba a gaba kaɗai shi ne daidai, kuma ya ishi irin hawan da Baba yake yi.

Ke ma kada ki yi saurin murna. Na hannu yana iya zama tsohuwar zuma, yana iya zama tsohon ciwo. Gogewar fenti ba komai ba ce, tsagewa ita ce abin gudu. A wanke keken, a duba gangar jikinsa cikin haske, musamman mahaɗai da wuyansa da ƙarƙashin sirdi. In akwai tsaga ko lotsawa, ku bar shi ko da kyauta ne. A juya tayoyin a ga ko suna kaɗawa. A danna shokazobar a ga tana dawowa lafiya kuma ba ta yoyon mai. A bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, domin sarƙar da ta cinye takan ci haƙoran da take hawa, kuma canza su wani kashe kuɗin ne. Birki ya kama tun kafin hannu ya kai ƙarshe. Ku tambayi mai gyaran daga ina keken ya fito, ku karɓi rasit, kada ku saya wa dattijo abin da wani zai tare shi a hanya ya ce nasa ne. Akwai kuma hanya ta uku da ba ku duba ba: shagon da kekuna kaɗai yake sayarwa, inda wani lokaci akan karya farashin sabo marar kwalliya da ya daɗe a ajiye. Ku leƙa kafin ku yanke.

Amma duk wannan yana bayan abu ɗaya, wato girma. Ke 'yar tela ce, kin san ba a yanka sai an auna. Keke mai kyau da ya yi wa mutum tsawo ko gajarta ya fi marar kyau haɗari. Shi ya sa ban goyi bayan sayen ɓoye ba. Dole Baba ya hau, ya tsaya a tsakaninsa ƙafafu a ƙasa, ya zaga, ya taka birki, ya ji bayansa da wuyan hannunsa. Kuma kuna da wanda ba ku yi amfani da shi ba. Malamin bai tafi ba tukuna. Ku roƙe shi ya raka ku, ku je da keken aron a gwada tsayinsu gefe da gefe. In shi da Baba suka ce ga wanda ya fi, ke da yayanki kun huta, nauyin zaɓin ya sauka daga kanki.

Tsoron Mama ma kada ku mai da shi abin wasa. Ita za ta yi jinya in an faɗi. Takalmin tafiya ba zai yi ba, an gwada an gani, amma tana da hakkin a ba ta abin da za ta riƙe. Kada ku zuba duk kuɗin a keke. Ku ware na hular kwano mai kyau, wadda ita kam sabuwa za a saya, ba a sayen ta hannu, da safar hannu da abin kare gwiwa. Ki bar wa yayanki wannan, ya zaɓo masu kyau da kansa ya miƙa wa Baba a ledarsu. Baba kuma ya koma wurin likita ya faɗa masa ainihin irin hawan da yake yi, a duba masa ganin nesa, a gaya masa abin da zai riƙe a aljihu saboda sukari. Ya yi wa Mama alkawari a gabanku cewa ba zai je dutse shi kaɗai ba, kuma gangarar da ta fi ƙarfinsa zai sauka ya bi da ƙafa.

Saura keken ɗinki. Ku je yau, ke da yayanki tare, ku ce masa kun ji labari kuma ba ku yarda ba. Sai dai ki lura da abin da ya sa ya nemi sayarwa: mutumin da ya saba bayarwa, karɓa tana yi masa nauyi. In ya ce zai sa wani abu daga aljihunsa, ko kuɗin sarƙa ne, kada ku hana shi. Hakan zai sa ya ji keken nasa ne, ba wani aron ba.

Ki kira yayanki kafin ki kira kowa. Ki fara da cewa kin gane abin da yake nufi, sauran maganar za ta zo da sauƙi. Ranar da aka saya kuma, kada ku ɗora keken a mota. Ku ɗaura wa Baba hularsa, ku bar shi ya yi gaba, ku biyo shi a hankali har ƙofar gida.

Allah ya ƙara masa lafiya da ƙarfin gwiwa, ya kwantar wa Mama da hankali, ku kuma ya ba ku masu yi muku.

Kawu