Birkin Kamiyo a Motata

Litinin, 7 Oktoba 1963
Shanu sun yanke mini hanya bayan Ajekoriya. Na taka birki, sai da na bugi ɗan maraƙi. Bai mutu ba. Matata Aisata, wadda ke kusa da ni, ta rantse ba ta ƙara shiga motar sai an gyara. Sunan jikanmu a Maradi ran 17. In ba ta je ba, ƴarmu Zalika ba za ta yafe mini ba.

Talata, 8
Hamma makanike ya ce a sa wa motar birkin kamiyo, manya, irin na motar kaya. Mutumin da bai taɓa zama lakwal ya yi boko ba! Shekara ashirin da shida ina tafinta a biron kumandan, ofishin mai mulkin gari, yaran da na koya wa riƙe alƙalami sun haye kujeru, ni an bar ni da gardamar birki.

Alhamis, 10
Na kai masa littafin motar. Na ce cikin rairayi babban birki kulle ƙafa yake yi, mota ta nutse. Taya ke tsai da mota. Ya kira ni da Faransanci, ya ce, "Mushe, littafin nan ya taɓa ganin saniya?" Masu zaman garaji suka yi dariya. Jakai.

Juma'a, 11
Aisata ba ta yi mini magana ba.

Asabar, 12
Gwaji a filin bayan kasuwar dabbobi. Hamma ya ja layi da sanda, ya taho da gudu, ya taka daidai layin. Taki goma sha ɗaya ta tsaya. Na karɓa. Taki ashirin da uku. Na sake, ashirin da biyar.
Wato ni ke da gaskiya, birkin lafiya lau.
Bai yi dariya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya dubi ƙasa ya ce, "Baba, gwiwar nan tun yaushe?" Na ce ya kula da aikinsa.

Lahadi, 13
Da hannu na ɗaga ƙafar na sa takalmi. Tun damina haka nake yi.

Laraba, 16, Maradi
Mun iso da la'asar. Ba a sa birkin kamiyo ba, kuma ba za a sa ba. Hamma yana da sayayya a nan, sai na bar shi ya riƙa sitiyari, ni na zauna gefe don in gyara masa kurakurai. Yana yawan taka kuloci.
Aisata ta ce tun kafin Kornaka nake minshari. Ƙarya take yi. Jikan ya yi kama da ni.