Tun da Ka Tafi, Babu Mai Tsokanata a Shagon Issaka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Zuwa ga Alhaji Bukar, a Maiduguri.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka baki ɗaya, ina sanar da kai cewa ban rubuta wannan wasiƙa a bainar jama'a don son a gan ni ba. Kai ka tilasta mini. Na kira ka, ka ƙi ɗagawa. Na sake kira, 'yarka Falmata ta ɗauka, ta ce kana barci. Babarbaren da na sani shekara da shekaru, wanda ko a jirgi ba ya barin maƙwabcinsa ya runtsa, shi ne yanzu kullum yake barci da hantsi? Don haka na ajiye maganar a inda 'ya'yanka za su gani su karanta maka. Waɗanda suka leƙo kuma su zama shaida.

Na san uzurinka. Falmata ta gaya mini cewa tun ciwon da ya same ka bayan komawarka gida harshenka ya yi nauyi, kuma ba ka son kowa ya ji muryarka a haka. Na ji, na yi maka addu'a, ina kuma yi. Amma uzurin ban karɓa ba, kuma zan gaya maka dalili in ka yi haƙuri ka saurara. Wannan karon dai ba ka da ikon katse ni.

Ka tuna ranar da ka fara kai ni shagon Issaka. Ka same ni a ƙofar masallaci bayan la'asar, lokacin ban daɗe da zuwa zama wurin ɗana a unguwar Al-Sadd ta nan Doha ba, ban san kowa ba sai littattafaina. Ka ji lafazina ka tsaya, ka dube ni daga rawani har takalmi, ka ce, "Fulata, wa ya bar maka shanun ka taho nan?" Mutanen da ke kusa suka firgita. Ni kuwa a ranar na fara jin cewa na iso wani wuri. Ka ja hannuna muka bi ta bayan kantin magani, muka shiga wannan lungu, ka nuna mini wani ɗaki wanda in mutum ya miƙe hannuwansa zai kusa taɓa bango da bango. Benci biyu, kujera ɗaya mai ƙafa gajera, tukunyar shayi, da Issaka mutumin Zangon Kumasi yana tsaye a kanta kamar mai gadin amana.

Ka san yadda ake sayen shayin karak a garin nan: mutum ya tsaya da mota a bakin titi, ya danna oda, a fito a miƙa masa a kofin takarda, ya wuce bai ko yi sallama ba. Issaka ya rantse ba zai yi wannan ba. Yakan ce, "Ni ba na dafa shayi domin mota. Wanda yake so ya sauka, ya zauna, mu ga fuskarsa." Kai kuma ka ƙara naka sharaɗin, ka kawo wani tsohon gwangwanin biskit ka ajiye a bakin ƙofa, kowa ya shigo ya jefa wayarsa ciki. Babu talabijin, babu kiɗa. Shayi ne mai citta da kanumfari, wanda ya daɗe a wuta har ya yi kauri, sai lamurje ga mai jin zafi, sai hira.

Ban manta Baturen da ka taɓa kawowa daga wurin aikinku ba. Ya zauna a takure, gwiwarsa tana taɓa tawa, ya sha kofi biyu, sannan ya ce wurin ya tuna masa da garinsu. Wai su ma suna da irin waɗannan ƙananan ɗakuna, babu talabijin, babu waya, mai shagon ya san kowa da sunansa, sai dai abin da ake zubawa a can giya ce. Na ce a'uzubillahi, na janye gwiwata. Kai kuwa ka yi dariya har da hawaye, ka yini kana kirana limamin mashaya. Da wani ne ya faɗi haka da na bar wurin har abada. Da yake kai ne, sai na ce maka ai dole mashaya ta samu liman tunda Babarbare ne ladaninta.

To, Bukar, ga abin da ka bari a bayanka.

Alhamis ta farko bayan tafiyarka na je kamar kullum. Ina yin sallama kowa ya miƙe tsaye. Likitoci da injiniyoyi, masu furfura a gemu, suka manne da bango. Suka ba ni kujerarka. Da ma ana cikin gardamar ƙwallo, na jiyo ta tun daga bakin lungu, amma ina zama aka yi tsit, har ina jin tafasar tukunya. Can sai Injiniya Nasiru ya gyara murya, ya ce, "Allah gafarta Malam, wanda ya manta zaman tahiya ta farko, ƙabli zai yi ko ba'adi?" Na amsa masa, domin ba a ɓoye ilimi. Wani ya tambayi zakka. Wani ya tambayi hukuncin haɗa salla a jirgi. Shayina ya huce ban kurɓa ba. Aka rufe da addu'a, aka shafa, aka watse.

Na ce wataƙila kewarka ce. Alhamis ta gaba haka. Ta gaba ma haka.

Ina da darasi a masallaci, wanda yake son ƙabli da ba'adi ya san inda zai same ni. Ba don wannan nake takawa zuwa lungun Issaka da ciwon gwiwa ba. Ina zuwa ne in zauna a cikin mutane a matsayin mutum, in ji wane ne ya ɓata a hanyar unguwar West Bay har ya zagaya gini ɗaya sau da yawa, in ji yadda kafil ɗin wane, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya yi masa, in yi dariya. Sai yanzu na gane cewa duk shekarun nan kai ne kake sauke mini rawani ba tare da ka taɓa shi ba. In ka ce mini "Fulata, matsa, ko benci ma sai ka yi masa rowa," sai kowa ya saki jiki, don sun ga an taɓa Malam kuma sama ba ta faɗo ba. Al'ada ta ba ka wannan izini, kai Babarbare ni Bafulatani. Su ba ta ba su ba, kuma tarbiyyarsu ba za ta bari su ƙwata ba.

Na yi ƙoƙari, Allah shaida ne. Wata rana na ajiye rawani a gida, na je da hula kawai. Nasiru ya bi ni waje yana tambaya cikin raɗa ko an yi mini rasuwa ne. Wata rana kuma na shirya labarin ban dariya tun daga gida, labarin ranar da ka shiga kwalekwale a bakin teku a Corniche kana cika baki cewa kai ɗan bakin tafki ne, aka dawo da kai kana riƙe da ƙafar matuƙi kana salati. Na ba da shi daidai yadda ya faru. Babu wanda ya yi ko murmushi. Suka sunkuyar da kai suna jinjinawa, ɗaya ya ce, "Allahu Akbar. Wato Malam yana nuna mana illar alfahari." Wallahi, Bukar, da kana kusa da na jefe ka da kofi, don laifinka ne.

Daga nan suka fara raguwa. Ba su daina son shayin ba, zaman ne ya yi musu nauyi. Wanda ya yini a asibiti ko a ofis ba ya son ya zo ya zauna a takure kamar mai jiran hukunci. Sai na fara ganin motocinsu a bakin lungu. In sun hango takalmina a ƙofa, sai su danna oda a hankali, irin odar mai jin kunya. Kuma Issaka, Issakan da ya rantse, na gan shi da idona ya fita da kofin takarda. Gwangwanin biskit ɗinka babu komai a ciki sai tsohuwar wayata.

Ranar da abin ya kai mini maƙura, daga ni sai Issaka a shagon. Ya daɗe yana goge kofin da ba shi da datti, sannan ya ce, "Maalam, gwiwar nan tana wahalar da kai. Ka bari in riƙa aiko maka da shayi gida a fulas, mai zafi, kowace Alhamis." Ya faɗa da ladabi, idonsa a ƙasa. Na gane sarai. Kora ce aka naɗe ta da girmamawa. Ban ga laifinsa ba, domin shagon nan ne abincinsa. Na ce masa zan yi tunani. Na fito ina cewa a raina shi ke nan, na koma ɗaki da littattafai kamar yadda ka same ni.

A bakin lungun na tarar da Dakta Mustafa tsaye jikin motarsa, ya juya mini baya yana waya. Ka san shi, mai shirun nan da yake zama a ƙarshen benci, wanda muka ɗauka Bakano ne don a Kano ya tashi. Sai na ji ya rusuna yana cewa "wushe, wushe," yana gaida mahaifiyarsa da Barbarci tsantsa, irin wanda kake yi in ka kira gida. Na tsaya cik. Ashe duk watannin nan akwai Babarbare a bencin, yana kallona ina shan wahala, ya yi shiru saboda ladabi! Kai ma ka sani, Bukar, na tabbata ka sani, ka tafi ba ka gaya mini ba.

Na jira ya gama. Issaka ya fito ya miƙa masa kofin takarda. Na sa hannu na karɓe kofin, na ce, "Tun yaushe bawa yake shan shayi ubangidansa yana tsaye? Wuce ciki ka share mini kujera." Ka san abin da wannan ya ci mini. Mu ba a raine mu da fara magana irin wannan ba, kullum kai ne kake farawa ni in rama. Mutumin ya daskare. Biyu daga cikin masu motoci, ɗayansu Nasiru, suka sauke gilashi suna kallo. Ya bi ni ciki kamar wanda za a yi wa allura, su ma suka fito suka biyo mu don su ga ƙarshen abin.

Ya zauna. Ya dubi kofina, ya dubi gwangwanin madarar da Issaka yake tsiyayawa a tukunya. Ya ce, "Allah gafarta Malam..." Na ce a raina, to, ga ƙabli da ba'adi nan ta dawo. Sai ya ƙarasa: "...ashe haka duniya ta yi da Fulani? Har kun koma shan madarar gwangwani? Ina shanun suka tafi?"

Issaka ne ya fara fashewa, har ya saki ludayi. Nasiru ya riƙe ciki ya zame daga benci. Ni kuwa na yi dariya har sai da na cire tabarau na goge ido, kuma ba dariya kaɗai nake gogewa ba. A ranar sai kiran magariba ne ya tashe mu. Ba a sake maganar fulas ba.

Kada ka yi murna tukuna, don ɗan'uwan naka bai iya ba. Duk tsokanar da ya yi sai ya biyo ta da "Malam a yafe mini." Wani lokaci har ya miƙe tsaye kafin ya zage ni. Na gaya masa cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana raha da sahabbansa kuma ba ya faɗin sai gaskiya, sai ya ce in ba shi sunan littafin ya duba. Ka ga irin magajin da ka bar mini. Benci ya fara cika, gwangwanin biskit ya fara nauyi, amma abin yana tafiya ne da ɗingishi, kuma ina tsoron ranar da ladabinsa zai sake rinjayarsa.

Ga dalilin da ya sa ban karɓi uzurinka ba. Ni, da furfurata da rawanina, na tsaya a bakin titi na ƙwace kofi a hannun likita, na yi abin da ban taɓa yi ba, domin kada zaman nan ya mutu. Kai kuma kana ɓoye mini murya don ta yi nauyi? Shekara nawa na yi ina jure ta lokacin da take da kaifi? Ai yanzu ne ma zan samu sararin ramawa.

Mun yi shawara da Issaka. Ranar Alhamis bayan la'asar, waya ɗaya za a bari a wajen gwangwani, mu jingina ta da tulun sukari a kan kujerarka mai gajeriyar ƙafa. Zan kira. Ka sa Falmata ta ɗauka ta ajiye kusa da kai. Ba sai ka yi dogon zance ba. Ka saurari ɗan'uwanka, in ya ce "a yafe mini" ka yi masa tsaki. In kuma kalma ɗaya ce za ta fito, ka san wadda nake jira, ko da za ka yi minti guda kana jan ta. Babu mai gaggawa a shagon Issaka. Za mu jira.

Ya Allah, Ubangijin mutane, Ka tafiyar da cuta, Ka ba bawanka Bukar lafiya wadda ba ta barin ciwo. Ka warware ƙullin harshensa, Ka sa abin da ya same shi ya zama kankarar zunubi. Ka saka wa Falmata da 'yan'uwanta da alheri. Ka haɗa fuskokinmu a duniya cikin alheri, Ka kuma haɗa mu a gidan da babu rabuwa. Amin.

Wassalamu alaikum.

Ubangidanka, ko ka yarda ko kada ka yarda,
Modibbo Hammadu, wanda kake kira Fulata,
Al-Sadd, Doha.