Kunkurun Emrys a Firijin Gareji

Ludlow,
9 ga Nuwamba

Maigidana Emrys,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata ƙugun yana sauƙi, kana kuma cin abin da suke ba ka a asibitin ba tare da ƙorafi ba. Ni lafiya lau nake, in ban da yatsun nan da sanyi ya fara taɓawa. Na faɗa maka ne tunda ba ka tambaya ba.

Wasiƙarka ta iso ranar Alhamis. Shafi huɗu, Emrys. Na zauna na sa tabarau, na ce yau mijina zai gaya min abin da ya ji da ya faɗo daga tsani, ko ya ce yana kewar gida. Shafi uku da rabi duk a kan Horace ne, ragowar kuma safa kake nema. Shekara arba'in da ɗaya da aurenmu, wannan ce wasiƙa ta farko da ka taɓa rubuta min, ita ma ta kunkuru ce.

To ga rahoto. Na daina ba shi abinci tun ranar da ka ce, yau kwana goma sha tara. Na gane dalilin, ba sai ka ja layi biyu a ƙarƙashi ba: in ya kwanta barcin hunturu da abinci a ciki, zai ruɓe masa. Amma kai ba ka ga yadda yake zuwa ƙofar kicin ya tsaya yana kallona ba. Kullum da safe ina zaunar da shi cikin ruwa mai ɗumi a bahon wanke-wanke, minti ashirin, don ya sha ya ƙoshi. Jiya ya yi kashi a ciki, na yi ta murna kamar an yi min jika, sai daga baya kunya ta kama ni.

Na kai shi wurin likitar dabbobi, Dakta Moira, a cikin jakar cefane, a bas. Ta duba ido da hanci da baki, ta ɗora shi a sikeli, ta ce zai iya barcin wata uku. Da ta tambayi shekarunsa na ce mahaifiyarka ta saya maka shi kana ɗan shekara bakwai, ta lissafa da kanta.

Sai maganar firiji. Ka ce in sa a ɗauko ƙaramin firijin da yake barcin hunturu a ciki daga gareji a kawo kicin, tunda bana ba ka nan da za ka riƙa leƙa shi sau uku a rana. A'a. Shekara goma sha biyu yana kwana a gareji, babu abin da ya same shi. Na haƙura da shi a lambu, na haƙura da shi a bahon wanke-wankena, amma ba zan riƙa dafa abinci da kunkuru kwance a gefen tukunyata ba.

Rubutu nake maka saboda ranar Lahadi da na zo na kasa faɗin komai. Ka ƙi sa abin kunnenka na ƙara ji, sai na ɗaga murya, maza biyar na ɗakin duk sun kasa kunne. Wannan mai gadon kusa da taga har lafiyar Horace ya tambaye ni.

Ga safar nan. Allah ya ƙara sauƙi.

Ni ce matarka,
Glenys


14 ga Disamba

Emrys,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, ina sanar da kai cewa Horace ya kwanta tun ranar ashirin ga watan jiya. Yana cikin akwatinsa da jarida yayyage, ma'aunin sanyi yana kan biyar, bai hau ba bai sauka ba. Kullum sai na sa riga mai kauri na tsallaka tsakar gida na buɗe masa ƙofar firiji ya sha iska. Ranar Asabar nake auna shi. Nauyinsa ya ragu da giram huɗu, kuma littafinka ya ce hakan daidai ne. Jaridar a bushe take, bai yi fitsari ba. Ka gani, na amsa duk tambayoyinka tara. Yanzu ka amsa min ɗaya.

Me ya sa ba ka tashi?

Yarinyar da ke koya maka tafiya ta tare ni a baranda ranar Lahadi. Ta ce aikin da aka yi maka ya yi kyau, ƙashi ya kama, babu abin da ya hana ka takawa sai kai. Ta ce in ta kawo ƙarfen dogarawa sai ka juya fuska bango ka ce gobe. Ta ce wani dattijo da aka yi wa aiki bayanka da mako biyu ya koma gida. Ba su neman abu mai yawa, Emrys. Ka taka daga gadonka zuwa ƙarshen baranda, ka hau matakala uku ka sauko, su sallame ka. Matakalar gidanmu ma uku ce.

Na san ka tsorata. Ni na same ka kwance a kan siminti ranar nan, ban manta fuskarka ba. Amma da na tambaye ka sai ka ce wai babu gaggawa, ai Horace ba zai farka ba sai Maris. Na dawo gida a bas biyu ina juya maganar nan. Wato abin da zai dawo da kai gida ke nan. Ni da nake kwana ni kaɗai, nake fitar da shara, nake fama da murfin kwalba da yatsun da ba sa lanƙwasuwa, ba na cikin zancen.

'Yarmu Carys ta kira daga Glasgow, ta ce in zo wurinsu Kirsimeti. Na ce ba zan iya ba, akwai wanda zan buɗe wa firiji. Ta yi dariya har ta ƙware. Ni ban ga abin dariya ba.

Zan zo ranar Kirsimeti da kek ɗin da kake so. Ka sa abin kunnenka, ko in karanta maka wannan wasiƙar da ƙarfi a gaban kowa.

Taka,
Glenys


21 ga Janairu

Emrys nawa,

Ina gaishe ka. Ina fata ciwon amai da ya sa suka hana baƙi shiga ɗakinku bai taɓa ka ba. Ka zauna da kyau kafin ka karanta wannan.

Katin da na aiko makon jiya, na ce Horace yana barcinsa lafiya, ƙarya na yi. Ya farka yau kwana goma sha biyu, ni na tashe shi.

Ka tuna sanyin da aka yi ranar tara ga wata. Da safe na je gareji, ƙofar ma da ƙyar ta buɗu, ruwan bokiti ya zama dutse. Na buɗe firiji na ga ma'auni ya sauka ƙasa da sifili. Ban san cewa firiji ba ya hana abu daskarewa in ɗakin da yake ciki ya fi shi sanyi ba. Kai ka sani, shi ya sa ka ce a kawo shi kicin, amma ba ka faɗi ainihin dalilin ba, ni kuma ban tambaya ba. Laifina ne. Na rubuta shi sau ɗaya, kada ka sa ran ganin na biyu.

Na ɗauko shi, ƙafafunsa a sandare. Na cusa shi cikin rigata na shigo gida. Dakta Moira ta ce kada in kai shi kusa da wuta, in bar shi ya ɗumama a hankali. Sai bayan awa uku ya motsa ƙafa ɗaya. Ta ce ba zai koma barci ba bana, kuma sanyi ya taɓa masa idon hagu, ya yi fari-fari, wataƙila ya washe, wataƙila a'a. Yanzu yana kan teburin cin abinci, cikin babban akwati, da fitila mai zafi a kansa. Ni kuma a kan cinyata nake cin abinci. Wanda na hana shiga kicin ya cinye falo.

Ruwa yana sha, amma ya ƙi ci. Latas, kokwamba, tumatir, har gonar coci na je na tono ganyen da kake tsinko masa, ya juya kai. Nauyinsa sai raguwa yake. Likita ta ba ni sirinji da abinci mai ruwa-ruwa, ta nuna min yadda za a riƙe kan a buɗe bakin. A hannunta abin kamar wasa. Ni da na kai hannu sai ya janye kai, yatsuna kuma ba su da ƙarfin riƙe shi. Jiya rabin abincin a gaban rigata ya ƙare. Na zauna na zage shi, na zage ka, na zagi tsanin, sannan na yi kuka. Sau biyu a mako nake kai mata shi ta ɗura masa, ta ce hakan ba zai riƙe shi da daɗewa ba.

Shekara sittin da biyar hannunka ya sani. Ba zai jira Maris ba, Emrys. Matakala uku ce.

Matarka,
Glenys


3 ga Fabrairu

'Yata Carys,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da Alasdair da yara. Na gode da safar hannun, tana taimaka min. A waya na ce miki babanki ya dawo gida lafiya, ban iya ƙarawa ba don yana zaune kusa, kuma yanzu ya koma sa abin kunnensa, komai yana ji. Ga sauran labarin, ki riƙe a cikinki.

Wasiƙata ta same shi ranar Laraba. Nas ta ce ya karanta, ya ninke, ya danna ƙararrawa ya ce a kawo masa ƙarfen nan. Mutumin da ya yi wata uku yana cewa gobe, a kwana tara ya hau matakala. Sun ce yana hawa yana zagin su.

Abin da bai kamata ya sani ba shi ne, kwana huɗu bayan na jefa wasiƙar, Horace ya ci. Ina zaune ina cin burodi da tumatir, na miƙa masa yanki ta ɓangaren idon da ke gani, ba don ina sa rai ba, sai ya miƙo wuya ya gatsa. Har da yatsana. Na ɗauki biro zan rubuta wa babanki albishir, sai na ajiye. Na san halinsa. In ya ji an ci, zai koma ya juya fuska bango. Na yi shiru, na riƙa ciyar da dabbar nan a ɓoye kamar mai sata, na kuma roƙi Dakta Moira ta kama bakinta.

Ranar Juma'a motar asibiti ta kawo shi. Ya rame, Carys, wandonsa sai zamewa yake. Na yi miya, na sa riga mai kyau, na tsaya a ƙofa. Ya hau matakala ukun nan da sanda, ya wuce ni ya nufi tebur. Ya ce a sauke masa akwatin ƙasa, tebur ya yi tsawo. Na ce likita ta hana shi zaman ƙasa. Ya zauna. Na riga na ɓoye sauran ganyen safe, na share akwatin tas, na ɗauka na gama shiri.

Ya ɗaga Horace a tafin hannu biyu, ya ɗan jinjina shi, ya leƙa baki, ya duba idon. Sannan ba tare da ya ɗago kai ba ya ce, "Glenys, wannan ya kai mako yana ci."

Na ce kwana shida ne.

Ya ce, "Da kin faɗa min, da har yanzu ina can kwance."

Na ce na sani.

Sai ya miƙo hannu ya kama nawa, ya juya shi yana kallon yatsun, ya tambaye ni tun yaushe suka kumbura haka. Na ce tun bara, mutum ne bai duba ba. Bai saki ba. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba, miyata dai ta kama.

Daga nan fa aka zo tashi. Ya kasa. Na ja, ya yi ƙara, na saki. Ya hana ni kiran asibiti, wai za su mayar da shi. Haka ya ci abincin dawowarsa gida a zaune a ƙasa, ya jingina da ƙafar tebur, kunkuru yana taka masa wando, har maƙwabcinmu Idwal ya dawo daga aiki ya ɗaga shi. Yau kwana uku ke nan yana gaya wa duk wanda ya shigo gaishe shi cewa dawowarsa ce ta ceci Horace. Ina jinsa daga kicin ina yanka tumatir.

Ki gaida yara. In za ki zo bikin Ista ki zo da shirin cin abinci da faranti a cinya, teburin ba namu ba ne sai an yi ɗumi.

Mamarki,
Glenys