Abin da Na Tarar a Cikin Zekonya

Lipovitsa, 10 ga Mayu

Zuwa ga Yayana Radoye,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Biserka da yara, ya kuma sassauta maka ciwon bayan da ka ce aikin kamfani ya bar maka. Mu nan lafiya lau. Kaka Stamena ta rabu da tarin da ya dame ta tun lokacin sanyi, har ta koma faɗa da kaji, ka kuwa sani in tana faɗa to lafiya ta samu. Akuya ta haifi biyu, tuffar bakin rijiya ta yi furen da ban taɓa ganin irinsa ba. Goggo Ruzha ta zo daga Nish ta kwana uku, ta koma da kwalabe shida na gasasshen tattasai tana cewa na bana gishiri ya yi yawa.

Na rubuto da hannu ne don a waya ba ka bari in kai aya. Ka yi haƙuri da rubutun, aji takwas na yi, kai ne mai takardu. Na ji duk abin da ka ce: cewa ka samo mini gurbi a kamfaninku a Linz daga watan gobe, cewa Baffa Tihomir ya gaya maka na kashe injin huɗar Baba da ganganci, cewa a ba maƙwabcinmu Dobrivoye hayar gonar tattasai shekara goma, Kaka kuma a kai ta gidan Goggo a hawa na shida na bene. Na gode da ka tuna da ni. Amma amsata ita ce ba zan zo ba, gonar ba za a ba kowa ba, Kaka kuma a ɗakinta za ta ci gaba da kwana. Kafin ka yi fushi, karanta har ƙarshe.

Gaskiya ne injin ya tsaya. Ranar ashirin da biyu ga Afrilu na fito da Zekonya daga garke, har yanzu haka muke kiran injin, da sunan sanmu na noma na ƙarshe, tunda injin ne ya gaji wurin kwanansa. Ja ɗaya na yi wa igiya ya tashi. Na yi layi biyu lafiya, a na uku sai na ji wata ƙara daga ƙasa kamar ana tauna tsakuwa, wuƙaƙen huɗar suka riƙa juyi suna tsayawa, daga baya suka tsaya cak, injin kuwa yana ta ruri a banza. Kafin in turo shi gida labari ya riga ni isa. Baffa ya zo da hularsa a karkace, ya zagaya shi sau biyu, ya ce ai dama an ba biri agogo. Wai shi da idonsa ya gan ni bara na tsallaka rafi da injin da amalanke cike da itace, ruwa ya shiga cikinsa. Na ce masa gada na bi, ya ce to gadar ce ta jiƙe. A nan ya kafa mini sharaɗi a gaban Kaka, tunda rabin gonar nasa ne: in ranar Waliyyi Jorji ta zo, shida ga Mayu, ba a huɗe gonar ba, zai sa hannu a takardar Dobrivoye, kai ma ka ce masa ka yarda. Dashen tattasai dubu huɗu suna rumfar leda suna jira, har sun fara miƙa wuya.

Na kai maganar wurin Zhivko bakanike a gari. Bai ko ajiye kofin gahawarsa ba, ya ce injin da ya girme ni ba gyara yake buƙata ba, limamin coci yake buƙata. Wai in kawo shi ya auna a kilo. Na ce masa na gode, na dawo gida na rufe ƙofar garke.

Ka san ni ba ni da sauri, shi ya sa malamai suka gaji da ni. Amma sannu ba ta hana zuwa. Na fara da abu mai sauƙi kamar yadda Baba yake yi. Na duba bel, bai saki ba, bai ƙone ba. Na duba wayar kuloci, tana kamawa. Na duba ƙusoshin da ke riƙe wuƙaƙe a jikin sandarsu, don in ɗaya ta karye sanda kan juya ta bar wuƙa a tsaye, duk suna nan. Sai na ɗora shi a kan kututture biyu, na juya sandar da hannu. Ta tafi kaɗan ta cije, ta sake tafiya ta cije. Na ɗauko dogon sukuddireban Baba, na kafa bakinsa a jikin akwatin giyar injin, na sa kunnena a ƙotar, ina juyawa da ɗaya hannun. A sama shiru. A ƙasa, gefen hagu, nan tsakuwar take.

Na sa tsohon kwanon wanki na kwance notin da ake tsiyaye mai. Yaya, abin da ya fara fitowa ba mai ba ne. Ruwa ne, garau, kusan ƙananan kofi uku. Bayansa man ya biyo, launinsa kamar shayi mai madara. Na ce yau Baffa ya yi gaskiya ke nan? Amma na zauna na duba kwanon da kyau. Ruwan rafinmu ka san shi, in ya shiga takalmi ma sai ya bar yashi. Wannan babu yashi ko ƙwaya, babu laka. Robar da ke hana mai yoyo ba ta tsage ba, murfin da ake zuba mai yana nan daram. Ruwa ba ya tsami banza, balle ya buɗe murfi ya shiga ya rufe.

Na shimfiɗa tsohon zanen gadon marigayiya Inna a ƙasa, na buɗe akwatin. Duk abin da na cire sai in ajiye shi a jere, in zana siffarsa da fensir a jikin zanen, don ban yarda da kaina ba. Boris ɗin ƙasa na hagu, zoben ƙarfen nan mai ƙwayoyi da sanda ke juyawa a cikinsa, ya yi tsatsa ya fashe, ƙwayoyinsa sun watse cikin akwatin. Da ya fashe sandar ta karkace, sarƙa ta yi sako-sako tana tsallake haƙora, har ta ɓantare bakin haƙori ɗaya. Ciwon ke nan. Na wanke komai da kalanzir, na tace kalanzir ɗin da ƙyalle don in ƙirga ƙwayoyin, kada in bar ɗaya a ciki. Ƙwayoyi takwas suka fito cif. Tare da su sai ga wasu 'yan abubuwa baƙaƙe masu laushi. Na murza ɗaya na kai hanci. Ƙarƙashin warin kalanzir na gane shi. Busasshen furen ɗaɗɗoya ne.

Na sake shinshinawa don in tabbatar. Wa ke yawo da damin ɗaɗɗoya a gidan nan? Ka tuna ranar sha tara ga Janairu, in Kaka ta dawo daga coci da kwalbar ruwan albarka, ta tsoma ɗaɗɗoya tana yayyafa wa ɗakuna da rijiya da kaji. Ka tuna shanu ba yayyafi kawai take musu ba, sai ta buɗe bakinsu ta ba su sun sha. Da aka sayar da sa aka kawo injin aka ba shi sunansa da garkensa, ashe ita ba ta ga abin da ya canza ba. Ta nemi bakinsa, ta sami murfi ɗaya da hannunta ke iya murɗewa. Na gwada ta da dabara da muna cin abincin rana, na ce ko Zekonya ya sami rabonsa bana. Ta harare ni, ta ce wace irin tambayar banza ce wannan, shekara ashirin da shida ba ta taɓa tsallake shi ba, kofin gahawa ɗaya cif, ba don haka ba ina zaton wannan tarkacen zai kai yau?

Shekara ashirin da shida, Yaya. To me ya sa sai bana ya fashe? Wannan tambayar ta hana ni cin abincin. Sai na tuna wani abu da kai ma za ka tuna. Washegarin ranar, ashirin ga Janairu, bukin Waliyyi Yohanna a gidan surukan Baffa. Kowace shekara mu shirya mu tsaya a ƙofa cikin ƙanƙara, Baba yana garke. Inna ta riƙa kira tana cewa wane mahaukaci ne ke canza man giya a tsakiyar sanyi, injin da ba zai fita ba sai bayan wata uku, man da bai ko yi baƙi ba. Ya fito da farata baƙaƙe, ya ce hakanan yake so. A wurin buki a yi ta masa dariya, Baffa ya ce ɗan'uwansa ya fi kula da injin a kan matarsa. Baba ya yi murmushi ya ɗaga kofinsa. Ya sani, Yaya. Tun shekarar farko ya sani. Uwarsa ta zuba yau, shi ya tsiyaye gobe, bai taɓa ce mata uffan ba, bai gaya wa Inna ba, bai gaya mana ba. Da ya rasu sanyi uku suka wuce ba mai tsiyayewa. Ruwan ya kwanta a ƙasan akwatin, ya daskare ya narke, ya daskare ya narke, har ya cinye boris ɗin.

Gyaran kansa ba wani abin labari ba ne, haƙuri kawai ya ci. Na kai zoben tsohon boris kasuwar Asabar a Leskovats, na bi masu tsofaffin ƙarafa ina gwada lambar da ke jikinsa har na sami irinsa, sabo a takardarsa. Haƙorin da ya ɓantare na goge shi da zarto yini guda, sai da ɗan yatsana ya daina jin kaifi. Sarƙa na canza mata gaɓa biyu. Fakin murfi ya yage, na yanko wani daga kwalin takalmin da ka aiko mini, ina bubbuga shi da ƙaramar guduma a bakin akwatin har siffar ta fito, ka ga takalminka ya yi amfani sau biyu. Boris ya ƙi shiga sandar, sai na sa sandar a firiza kusa da naman Kaka, boris kuma na ɗora shi a kan murhu. Kaka ta ce ta ga lalacewa iri-iri a gidan nan amma ba ta taɓa ganin jika yana dafa ƙarfe ba, wai in ya nuna in sam mata. Da ɗaya ya yi zafi ɗaya ya yi sanyi, suka shige juna ba ko guduma. Sau biyu na rufe akwatin na sake buɗewa, don na ga wani siririn zobe ya rage a kan zanen Inna, wurin da na zana shi.

Ranar huɗu ga wata da hantsi na zuba sabon mai na ja igiya. Na sa kunne a ƙotar sukuddireba, ba abin da na ji sai sarƙa tana tafiya sumul. Yini biyu na yi a gona. Ranar Waliyyi Jorji da safe Baffa ya zo da takarda a aljihun kwat, Dobrivoye yana biye da shi da biro. Suka tarar da ƙasa baƙa a kwance tun daga hanya har bakin rafi, ni da Kaka da matan maƙwabta muna dasa layi na tara. Dobrivoye mutumin kirki ne, ya yi dariya ya mai da bironsa, ya ce a ba shi dashe ya taya mu. Baffa ya ce ko makaho yakan tsinci allura, kuma nan gaba in kiyayi rafi. Kaka ta ɗago daga inda take tsugune ta ce masa ya rufe baki, albarka ce ta tashi injin, in yana da hannu ya kama aiki. Na ce mata gaskiyarki Kaka. Na ce wa Baffa to, zan kiyayi rafi.

Kai kaɗai na gaya wa wannan, don kai ma ɗansa ne, ya kamata ka san abin da yake yi a garke muna zaginsa a zuci saboda sanyi. Ina roƙonka kada ya wuce kai. Bar Baffa da rafinsa, in ya ga dama ya kira ni biri har ya gaji, bayana ya ɗauka. Kaka shekararta tamanin da huɗu, ba zan bari ta ji cewa hannunta ne ya kusa raba mu da gonar ba. Kuma kada ka ce in ɗaure murfin da sifana yadda ba za ta iya buɗewa ba, na yi wannan tunanin na watsar. Baba yana da sifana shi ma.

Gurbin kamfani ka ba wani, akwai masu so da yawa. Na san don ƙauna ka nema mini, ban raina ba. Amma ka daina ce wa mutane ƙaninka ya maƙale a ƙauye don ba shi da yadda zai yi. Ina da yadda zan yi, na zaɓa ne. Ka ce ko lokacin sanyi ne in zo in yi wata uku tunda ba noma. Shi ma ba zai yiwu ba. Ranar ashirin ga Janairu ina da aiki a garke, kuma ba wanda zan iya ba shi.

Ka gaishe mini da Biserka, ka ce mata kwalabenta suna nan na ɓoye su daga Goggo. Ka gai da Lazar da Dunya, ka kawo su lokacin gasa tattasai su koyi yadda ake ƙona yatsa. Kaka tana gaishe ku, ta ce a gaya maka ka rame a hoto, kuma ta ajiye maka naka rabon ruwan albarka a kwalba. Kai dai ka sha abinka, ba ka da boris. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninka,
Milutin