Dunduniyata Ta Kayar da Mu, Ni da Maigidana

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle.

Ni malamar firamare ce, shekara ashirin da uku ina tsaye gaban allo. Shekara biyu ke nan dunduniyata ta dama take ciwo. Da safe in na sauko daga gado kamar na taka ƙusa, sai na dafa bango na yi ɗingishi har banɗaki kafin ta ɗan saki. Na taɓa kama wata 'yar ajina tana kwaikwayon tafiyata a baranda, ƙawayenta suna dariya. Na taya su dariya, na shiga ofis na yi kuka.

Likitan ƙashi ya ɗauki hoto, ya ce jijiyar da ta miƙe daga dunduniya zuwa yatsu ce ta gaji. Babu abin da ban yi ba: shimfiɗa mai laushi a takalmi, murza kwalbar ruwan sanyi da tafin ƙafa, gashin ƙafa a asibiti na wata shida, allura biyu a dunduniyar kanta. Ta farko ta ba ni hutun wata uku, ta biyun ko sati uku ba ta kai ba. Yanzu ya kawo maganar tiyata, kuma ya ce bayanta zan yi makonni ban taka ƙafar sosai ba.

To ga inda gizo yake saƙar. Maigidana ya samu shanyewar ɓarin jiki shekara uku da suka wuce. Ni nake tashinsa, in yi masa wanka, in zaunar da shi a kujera bakin taga kafin in tafi makaranta. Mutum ne mai kunya, ko ƙaninsa bai yarda ya taya ni wankan ba. Ranar Litinin ina ɗago shi ƙafar ta ƙi ɗaukarmu, muka zube tsakanin gado da kujera, goshinsa ya fashe. Na fi rabin awa ina fama. Abin da yake ci mini rai, Anti, na daka masa tsawa na ce ya yunƙura mana, shi da ko hannu ba ya iya ɗagawa. Ya dube ni, da bakin nan nasa da magana ba ta fita sosai, shi ya ba ni haƙuri. Tun ranar ya rage cin abinci. Ina zargin so yake ya rage mini nauyi.

'Ya'yanmu biyu suna nesa, babbar tana goyo, ƙaramin bai daɗe da samun aiki ba. Kullum a waya ce musu nake lafiya lau. In na yi tiyatar, wa zai ɗaga shi? In ban yi ba, ina tsoron in sake kayar da shi.

Malamar aji uku

'Yar'uwata, sannu da ɗawainiya. Tsawar nan ciwo ne da tsoro suka yi ta. Ki zauna gabansa ki faɗa masa haka, ki kuma nuna masa kin lura da abincin da yake ragewa, kuma ramarsa ba za ta sauƙaƙa miki komai ba.

Maganar tiyata, ni ba likita ba ce. Ba kowa take warkarwa ba, kuma ba a yin ta da gaggawa, amma zama da ciwon ma kin ga abin da ya jawo. Shin likitan ya san kina ɗaga babban mutum kullum? Ina zaton ba ki gaya masa ba. Ki koma ki gaya masa, ki tambaye shi me ya rage a gwada, makonni nawa ne jinyar, me zai faru in aikin bai yi ba. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ki ji ta bakin wani likitan. A makaranta ki nemi kujera mai tsayi, ki riƙa koyarwa a zaune.

Ko an yi aikin ko ba a yi ba, ɗaga maigidanki ke kaɗai ya ƙare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki kira 'ya'yanki yau ki gaya musu gaskiya. Ubansu ne, kuma za su fi jin zafi in suka ji labarin a gadon asibiti. Kunyar maigidanki abin girmamawa ce, don haka ki bar shi ya zaɓi wanda zai taɓa shi, ƙaninsa ko ɗansa ko ma'aikacin jinya, amma sai ya zaɓi wani.

Allah ya ba ku lafiya ku biyun, ya saka miki da alheri.

Anti