Kin Tsaya A Bakin Ƙofa A Panyu

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda kika koya mini, a durƙushe, ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji a makwancinki. Na san wasu ne za su karanta takardar nan ba ke ba, amma da ke nake magana.

Jiya wata yarinya da za ta tafi karatu ƙasar Sin ta tambaye ni yadda aka yi na zaga Guangzhou lungu-lungu alhali ina ɗaliba mai ƙaramin ƙarfi. Na fara ba ta amsa da dariya, ban kai ƙarshe ba kika faɗo mini a rai.

Kin tuna sana'ar da kike tsokanata a kanta a waya? Gadin gida. Idan malamanmu ko iyayen ƙawayena za su yi tafiya, sai su bar mini mabuɗi. In ba furanni ruwa, in ciyar da kyanwa ko kifin kwalba, ni kuma in samu wurin kwana kyauta a unguwar da ban taɓa takawa ba. Da haka na kwana a bene mai kallon kogi, da haka na san Huangpu inda ake loda kwantenonin 'yan kasuwarmu. Kika ce an tura ni karatun haɗa magunguna na ɓige da aikin maigadi, saura a saya mini kulki da tocila.

Sai ga labarin za ki biyo 'yan kasuwar Kwari zuwa baje kolin bazara na Pazhou a Guangzhou. Zuwanki na farko, ni kuma na daɗe rabona da gida. Na rasa inda zan sa kaina don murna. Abu ɗaya na ƙwallafa a rai, Umma: ki sauka a wajena. In yi miki shimfiɗa da hannuna, in dafa miki, mu kwana ɗaki ɗaya muna hira kamar da. A ɗakin makaranta ba a kwana da baƙo. Ana haka wata tsohuwar malamarmu da muke kira Ayi, wato inna, ta tashi tafiya wajen 'yarta da ta haihu a ƙasar waje, ta ce in riƙe mata gidanta na unguwar Panyu. Gida mai lif saboda gwiwarki, da kicin, da faffaɗan gado. Sai dai akwai kare.

Ɗan mitsitsi ne, fari, gashi ya rufe masa ido. Tsoho ne mai ciwon zuciya, safe da yamma sai an ba shi magani an fita da shi shan iska. Ban taɓa karɓar gida mai kare ba. Amma zaman Sin ya sa idona ya saba, na ce ai wannan bai kai magen gidanmu girma ba, in kulle shi a baranda shi ke nan. Na wanke gidan nan har bango. Na sayo sabon zanen gado mai furanni irin wanda kike so.

Kika fito daga lif kina haki, ƙamshin humrarki ya riga ki isowa. Na buɗe ƙofa, ya yi haushi daga baranda. Ƙafar da kika ɗaga kika mayar. Ba ki yi faɗa ba, da ma faɗan kika yi. Cewa kika yi tun tasowarki ba ki taɓa sallah inda kare yake kwana ba, mala'iku ba sa shiga, kuma ba da furfura za ki fara ba.

Na yi fushi, kin sani, don halin naki na ɗauko. Na shiga jawo miki maganganun malamai, wai ai akwai sassauci. Kika ce, "To malaman su zo su kwana." Na ce shi ke nan, zan kai shi wajen wata ƙawata in bi ki masauki. A nan ne ranki ya ɓaci da gaske. Har yau ina jin muryarki: "Ke aka ba mabuɗi. Baiwar Allah ta tafi hankalinta kwance don ta yarda da ke. Ba zan shiga ba, ke ma ba za ki fita ba."

Haka kwanakin suka tafi. Ke a masaukin 'yan kasuwa can tsakiyar gari, cunkushe da mata a ɗaki ɗaya, ni a Panyu da sabon zanen gado. In fita da kare, in shiga lacca, in hau jirgin ƙarƙashin ƙasa in tarar da ke a kasuwa kina ciniki da hannu da ido. Kalma ɗaya kika koya, "mayo", wato babu, kuma da ita kike karya farashi. Ba mu gama gaisawa ba la'asar ta yi. Ke ce za ki fara duba agogo ki ce, "Tashi, maigidanki na jira." A cikin jirgi nake kukana. Na tsani karen nan, Allah Ya yafe mini, shi kuwa in na dawo sai ya yi ta kaɗa mini wutsiya.

Ranar da za ki koma, ina shirin fitowa na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ke ce, ke kaɗai, kin sa wani ɗan Kwari ya yi wa mai tasi kwatance. Kika shimfiɗa dardumarki a filin da ke tsakanin ƙofa da matakala, kika zauna kamar a tsakar gidanki. Kika ce in ɗora tukunya.

Na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miya da kuka da daddawar da kika kawo mini. Muka ci a kwano ɗaya a bakin ƙofar mutane. Maƙwabciya ta zo wucewa ta saki baki, kika yi mata bismillah da hannu. Kika ce gishiri ya yi yawa, amma ba ki bar ko loma ba.

Daga nan kika zare ɗankwalina kika yi salati, wai wannan kai ne ko sheƙar tsuntsu. Kika zauna a matakala, na zauna tsakanin gwiwoyinki, kika yi mini shuku. Karen ya kwanta daga ciki, ya ɗora haɓa a dokin ƙofa yana kallonmu. Can na ji kin gutsuri kilishi kin jefa masa, kika ce a hankali, "Ci, ba laifinka ba ne."

Tashin jirginku ya faɗo daidai lokacin maganinsa. Na roƙe ki in raka ki filin jirgi, yau ɗaya dai. Kika ƙi. Kika dafa kaina kika sa mini albarka, ƙofar lif ta rufe.

Kitson nan bai daɗe ba na tsefe shi, ina mitar kin ja mini kai da yawa. Shekara ba ta zagayo ba aka bugo mini waya ina tsakiyar jarrabawa. Kafin in ji, har an kai ki.

Har yanzu ban gama jayayya da ke a zuciyata ba, Umma. Wata rana in ce taurin kanki ne, wata rana in ce kin fi ni gaskiya. Abin da ba ya barina shi ne wannan: na kwana a gidajen baƙi iri-iri, na gyara wa kyanwoyi makwanci, amma ban taɓa yi miki shimfiɗa a wajena ba ko sau ɗaya. Yanzu ina da gida nawa, da ɗakin baƙi, babu mai hana ki shiga. Ina kewarki ƙwarai.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya saka miki da alheri kan amanar da kika tsare wa matar da ba ki taɓa gani ba. Ya ba ki gidan da za ki shiga kai tsaye ba tare da kin tsaya a bakin ƙofa ba, ni kuma Ya ba ni ikon tarar da ke a ciki. Amin.

'Yarki mai begenki,
Hafsatu